Wanda Ya Kashe Jiniyar Unguwar Sanda

Ranar da ɓarayin daji suka faɗa wa masu roron wake a Unguwar Sanda, jiniyar da ke kan rufin masallaci ba ta ce uffan ba. Ƙarar bindiga kawai mutane suka ji ana shirin la'asar. Kafin 'yan sa-kai su ɗauko makamansu an harbe wani dattijo a kan kunya, an kora mata biyar cikin daji. Har da Tasalla a cikinsu, matar Lawal, shugaban 'yan sa-kan garin.

Jiniyar nan ita ce ta sa har yanzu ake noma a garin. Ƙungiyar manoma ce ta haɗa ta da wata tsohuwar kwamfuta mai aiki da sola a shagonta. Akwai makiyaya masu kiwo a kan duwatsun yamma, waɗanda ba a faɗin sunayensu saboda kada a yanka su. Duk wanda ya hango babura a cikinsu sai ya kira wata lamba, kwamfutar ta tayar da jiniya, kowa ya watsar da fartanya ya gudu gida. Mai kula da ita shi ne Mannir, Bafulatanin rugar bayan gari, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda ya yi karatun kwamfuta a Funtua ya dawo. Da aka ruga shagon bayan harbin, shi aka tarar zaune a gabanta, ita kuma ta tsaya cak. Ba wanda ya tsaya tambaya. A wannan yankin idan aka kira mutum infoma, abin da ya rage masa likkafani ne.

Da ƙyar mai unguwa, Alhaji Maitama, ya ƙwace shi. Ya kulle shi a ɗakin ajiyar taki, ya garƙame shagon, ya aika Malumfashi a kira Aƙilu. Bai nemi hukuma ba, domin ya san kafin mota ta iso an gama da wanda za a zo ceto. Lawal ya ce don girman mai unguwa zai jira zuwa la'asar ta gobe, daga nan kuma za su raka Mannir bakin rafi. Kowa ya san wanda aka raka can ba ya dawowa.

Aƙilu ɗan mai bin sawun shanun sata ne. Ya gaji sana'ar ubansa, ya ƙara da gyaran kwamfuta a wani ɗan shago kusa da tasha, don haka ana kiransa ko saniya ta ɓace ko hotunan biki. Kada a ɗauka wani jarumi ne. Mutum ne mai tsoro, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Tun da ya sauka daga babur da hantsi ya ga matasa zaune da gora da adduna a gindin ɗorawa, ba mai amsa sallama da baki, ya tura babur ɗin bayan masallaci, inda zai iya fita da sauri.

*

Gonar aka fara kai shi, Lawal da kansa ya raka shi. Dogon mutum ne, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, bindigar toka a kafaɗa. Aƙilu ya bi sawun babura daga bakin gona zuwa inda suka tsallaka rafi. Ya ga ɓarayin sun shigo kai tsaye, ba lalube, kuma sun ajiye baburan a fili, abin da ba su yi tun da aka kafa jiniyar. Da ya faɗi haka, Lawal ya gyaɗa kai ya ce ai shi ya sa, an gaya musu ba za ta yi kuka ba.

A bakin ruwan akwai sawun ƙafar mace wadda takalminta ɗaya ya fita. Lawal ya durƙusa ya daɗe yana kallonsa.

"Tana da ciki, Malam Aƙilu," ya ce. "In ka gama dube-dubenka ka koma gida. Mu mun san wanda ya yi."

Tausayinsa ya kama Aƙilu, tsoronsa kuma ya fi tausayin yawa.

*

Mai unguwa ya buɗe masa shagon ya tsaya a bakin ƙofa. Ba a taɓa komai ba. Wayoyin mutane na nan jere a kan tebur inda ake yi musu caji, kwamfutar kuma na kunne. Ba irin mai hotuna da launuka ba ce. Baƙin allo ne da fararen rubutu, irin wanda masu aikin ke kira taminal, inda sai ka rubuta wa na'ura umarni ka danna Enter sannan ta motsa.

Aƙilu ya zauna ya sa hannayensa a cinya, kamar yadda ubansa ya koya masa: ka duba kafin ka taka. A sama akwai layukan da manhajar jiniyar ke rubutawa, kowane kira da lokacinsa da lambar mai kiran. Layukan sun yanke tun bayan azahar ta jiya. A inda suka yanke akwai wata 'yar alama, ^C. Ya san ta. Ita ke fitowa idan mutum ya danne Ctrl ya haɗa da C, kuma a baƙin allo wannan yana nufin kashe duk abin da ke gudana nan take. Wato ba lalacewa ta yi ba, ba kuma batir ne ya mutu ba. Hannun mutum ne.

Ya rubuta history, umarnin da ke fito da duk abin da aka taɓa rubuta wa na'urar, ɗaya bayan ɗaya. Yawanci ls ne da cd, wato duba abin da ke cikin jakar bayanai da shiga wata jakar, aikin yau da gobe. Amma kusa da ƙarshe ya ga rm, umarnin gogewa, wanda abin da ya share ba ya dawowa. An goge tarin bayanan kira shekaranjiya. Ya zo ne yana fatan wanke mutum, ga shi sawun farko ya nufi ƙofar mutumin.

*

Ɗakin takin yana wari, yana da duhu. Mannir na kwance a kan buhuna, an ɗaure shi ta baya, fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Aƙilu ya ba shi ruwa a baki, sannan ya tambaye shi maganar gogewar ba tare da zagaye ba.

Mannir ya ce cikin na'urar ne ya cika, duk wata yana share tsofaffin bayanai, in an duba can baya za a ga irin umarnin a jere. Ya ce jiya yana can rugarsu ya ji harbi ba jiniya, ya zo a guje, ya ga alamar nan, hannunsa na kan madannai zai tayar da ita aka shaƙo wuyansa. Ya yi ta gaya musu an kashe ta ne da hannu, su kuma suka ce to ai ya amsa da bakinsa, wa ke taɓa ta in ba shi ba. An kuma ga kiran wata lamba ta daji ya cika wayarsa.

"Ta wa ce?" in ji Aƙilu.

Mannir ya kalli ƙofa. Can ya ce, "Ta kawuna ce. Shi ke kan dutsen yamma, shi ya fi kowa kira. Jiya ma ya kira, ba abin da ya tashi. Don Allah, Malam, kada sunansa ya fita. In na faɗa musu, su kashe ni su kashe shi, ko na daji su riga su."

Ya faɗi lambar a hankali, da ka. Ya ce mabuɗin shagon biyu ne, nasa da na sakataren ƙungiya, Malam Isah.

*

Malam Isah malamin Islamiyya ne mai son a san yana nan. An gaya wa Aƙilu ya sha yin mita a kan jiniyar, wai tana firgita masa ɗalibai, har ya taɓa cewa wata rana sai ya cire mata waya. Da aka tuna masa wannan maganar sai ya hau musu. Ya rantse, ya sake rantsewa, ya ce mabuɗin bai taɓa barin aljihunsa ba. Aƙilu ya tambaye shi to yaya mutane suka karɓi wayoyinsu jiya, tunda an ce ya tafi Funtua tun safe, Mannir kuma yana ruga. Nan malam ya shiga kame-kame. A ƙarshe ya amsa cewa duk ranar da zai yi tafiya yana bar wa Hajjo mabuɗin, tsohuwar da ke suyar awara a ƙofar shagon.

Shi kansa, in ji shi, ko kunna na'urar bai iya ba. Takardun ƙungiya ma Lawal ke buga musu a da, domin ya yi shekaru yana aikin buga takardu a wani shago a Funtua kafin rashin tsaro ya dawo da shi gida. Shi da ƙungiyar sun samu saɓani ne a taron watan jiya, da Lawal ya nemi a ba shi lambobin makiyayan da ke gadi. Ya ce akwai wanda ya tayar da jiniya a banza sau biyu, yana zargin gwada su ake yi. Ƙungiya ta hana shi.

Hajjo ba ta kunna wuta ba ranar. Tana zaune kusa da kaskonta, hannu a haɓa. Aƙilu ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambaye ta wa ta ba mabuɗi bayan azahar. Ta ce ba ta ba kowa ba. Sai ta waiga wajen ɗorawar da matasan ke zaune, ta rage murya.

"Ɗan nan, jikokina huɗu a ɗaki, ubansu na ƙasa. Akwai wanda in ya miƙo hannu ba a ce masa a'a. Ka tashi daga nan kada a ga ka daɗe."

*

Ana kiran azahar ya koma gaban allon. Sai yanzu ya lura da abin da tsoro ya hana shi gani da safe. Alamar ^C ba ɗaya ba ce. Akwai wadda ta kashe manhajar, sannan ga wasu uku a ƙarƙashinta, kowace a layinta. Wanda ya zo kashewa sau ɗaya zai danna, ya ga ta mutu, ya fita. Mannir kuwa ya fi kowa sanin haka. Wannan mutum ya yi ta dannawa ne saboda abin da yake nema bai samu ba.

To me ake nema da Ctrl da C? Duk wanda ya koyi kwamfuta a shagon buga takardu, hannunsa ya saba da su a matsayin kwafa. Ka shafa rubutu da maus, ka danna su, ka je wani wuri ka liƙa. Yana yi ba tare da ya yi tunani ba, kamar mai taka birki.

Irin wannan na'ura tana riƙe abin da aka shafa na ƙarshe, kuma idan aka danna tsakiyar maus sai ta zubo shi. Aƙilu ya yi bisimilla ya danna. Lamba ta fito. Ita ce wadda Mannir ya faɗa masa a ɗakin taki, lambar kawunsa, wadda ya sani kamar sunansa. Mutum ba ya kwafar abin da ya haddace.

Aƙilu ya jingina da bango. Ya gane wanda ya yi, ya kuma gane cewa mutumin bai san ya yi ba. Yanzu sai ya tsaya a gaban mai bindiga, wanda matarsa ke daji da ciki, ya ce masa hannunka ne. Ya yi tunanin babur ɗinsa da ke bayan masallaci, ya yi tunanin hanyar Malumfashi. Wallahi ya yi tunanin. Abin da ya zaunar da shi, ya san in ya tafi zai riƙa ganin idon nan guda na Mannir har ya mutu.

*

Ya roƙi mai unguwa a tara mutane kaɗan a cikin shagon, a rufe ƙofa, a kuma yi shela cewa za a gwada jiniya, kada kowa ya gudu. Aka shigo da Mannir a ɗaure aka zaunar a ƙasa. Malam Isah ya rakuɓe a lungu, Hajjo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Lawal ne ya shigo a ƙarshe. Mai unguwa ya ce ya bar bindigar a waje, ya yi kamar bai ji ba. A waje kuwa gari ya taru, ana jin gunaguninsu ta taga.

Aƙilu ya danna kibiyar sama, wadda ke dawo da umarnin da aka rubuta a baya, har ya kai kan na tayar da manhajar, ya danna Enter. Layuka suka fara gudu. Ya kira lambar jiniyar da wayarsa, jiniya ta kwarma ihu a kan masallaci har Hajjo ta toshe kunne. Da ta yi shiru, ya ce yana so a taimaka masa a kwafe lambarsa da ta fito a allo, don a tabbatar ita ce. Ya fara da Malam Isah. Malam ya zaro biro ya rubuta a tafin hannunsa.

"Kwamanda," in ji Aƙilu, "an ce kai ka iya. Kwafo mana ita a na'urar."

Lawal ya yi tsaki, ya ce la'asar ta kusa, a daina wasa da hankalin mutane. Amma ya matso. Bai ko zauna ba. Ya shafa layin da maus, ɗan yatsansa ya danne Ctrl, manuninsa ya taɓa C, cikin gwaninta irin ta wanda ya yi abin sau dubu. Layukan suka tsaya. Alamar ta fito. Ya ɗan ɓata fuska ya sake dannawa, wata ta fito a ƙarƙashinta.

"Haka take yi," ya ce. "Ba ta kwafa. Jiya ma..."

Ya tsaya.

Aƙilu ya ɗaga wayarsa yadda kowa zai gani, ya sake kiran lambar. Suna jin tana shiga. Duk suka kasa kunne wajen masallaci. Akuya ta yi kuka a wani gida, wani ya yi tari a waje, jiniya ba ta motsa ba. Ya bar wayar tana ta ƙara har ta katse da kanta.

Sannan ya yi bayani, a taƙaice, idonsa na kan bakin bindigar. Ya ce a wannan allon waɗannan madannai biyu kashewa suke yi. Ya ce wanda ya shigo jiya bayan azahar lambar mai gadi ya zo ɗauka, bai zo da niyyar cutar kowa ba, ya fita bai san ya bar gari a buɗe ba. Ɓarayin ma ba wanda ya gaya musu, sun matso ne suka ji shiru, suka ƙara matsowa.

Lawal ya kalli allon, ya kalli hannunsa. Ya juya wajen Hajjo, ita kuma ta fashe da kuka, wanda ya fi kowace shaida. Hannunsa ya tafi kan bindigar. Malam Isah ya fara salati da ƙarfi. Aƙilu ya rufe ido, domin ya tabbata a cikin ɗakin nan wani zai mutu, bai dai san wa ba.

Abin da ya ji shi ne ƙarar ƙarfe a kan siminti. Da ya buɗe ido bindigar na gaban mai unguwa, Lawal kuma na durƙushe a bayan Mannir yana kwance igiyar da haƙora, saboda yatsunsa sun ƙi yi masa aiki. Igiyar ta ci nama. Bai nemi gafara ba, Mannir ma bai dube shi ba.

Mai unguwa ya ce a bari shi ya fita ya san yadda zai lallaɓa mutane, a ce na'ura ce ta samu matsala. Lawal ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, in aka ce na'ura ce, gobe za su tare shi a hanya. Ni na ce musu shi ne. Ni zan ce musu ba shi ba ne."

Ya buɗe ƙofa ya fita hannu sake. Aƙilu bai ji duk abin da ya faɗa ba. Ya dai ji gunagunin ya mutu, ya ji wata mata ta rusa kuka tana kiran sunan mijinta da aka harbe, ya ji wani ya zagi Lawal, ba wanda ya tanka. Da ya leƙa, matasan na nan tsaye da gorarsu, sun rasa wanda za su daka.

*

Mannir bai iya riƙe komai ba, don haka Aƙilu ne ya sake tayar da manhajar, sannan ya ɗora shi a babur ya nufi rugar da shi kafin wani ya canza shawara. Tun daga nesa ya ga abin bai yi daidai ba. Ba hayaƙi, ba kukan maraƙi. An kwashe bukkokin, sai da'irar ƙasa a inda suka tsaya da turakun da aka bari. Labarin bakin rafi ya iso musu tun jiya, ba su jira a zo a haɗa da su ba. Kawun ma ya sauko daga dutse ya bi su, da sauran masu gadin.

Mannir ya sauka ya tsaya a inda ɗakin mahaifiyarsa yake. Ya ce yanzu haka tana can tana karɓar gaisuwar mutuwarsa. Sannan ya waiga wajen duwatsun yamma, inda rana ta fara sauka, ba kowa a kansu.

"Na'urar tana kunne," ya ce. "Wa zai kira ta?"

Tsoro ya sake kama Aƙilu, wannan karon saboda garin da suka baro. Ya sunkuya ya duba ƙasa. Sawun shanun ya yi kudu, kashinsu bai gama bushewa ba, kuma akwai ƙananan sawu biyu a gefen garken, ɗaya yana jan ƙafa don gajiya.

"Yaranka ba su yi nisa ba," ya ce. "Hau mu je, su gan ka da ido kafin magariba."